Layin Sale Mai Jita

Ku zauna tukuna, ku daina taɓa min kaya. Kai mai jar riga, ɗauke hannunka daga kan mikisar nan, ba rediyon gidanku ba ce. Wai kun zo in koya muku haɗa sauti a sati guda, don kun ji an ce ba wani abu ba ne, a soka waya a murɗa maɓalli. To madalla. Ni Haruna a kan wannan sokawa da murɗawar na yi furfura a kasuwar Gadarif, kuma har gobe ina cin karo da abin da ban sani ba. Kun kuma tambaye ni yadda aka yi 'yan Ragowa suka haɗu, ƙungiyar nan da iyayenku suka kashe takalma a rawarta. Zan gaya muku, amma sai kun fara jin yadda aikin yake, in ba haka ba ba za ku gane ɓarnar da na yi a ciki ba.

Aikin farko da maigidana Usta Jibrin ya ba ni naɗin waya ne, usta kuwa haka ake kiran duk gwanin sana'a a nan. Mai gyaran rediyo ne a bayan layin masu riɗi, gajeren mutum mai gajeren haƙuri, Allah ya jiƙansa. Wata shida ban taɓa komai ba sai wayar makirufo. In naɗe ta a hannu, zagaye ɗaya ta sama, zagaye ɗaya ta ƙasa, in miƙa masa. Shi kuma ya riƙe baki guda ya wurga sauran tsakiyar hanya. In ta warware ta miƙe sambal, ya ce tamam. In ta ƙulle ko da wuri ɗaya ne, in bi ta cikin ƙafafun mutane da na jakuna in tattaro in sake. Ranar da na gaji na ce, "Usta, yaushe zan fara aikin gaske?" sai ya ce, "Ya zol, kai yaron nan, rabin bukukuwan da suka lalace a garin nan waya ce ta lalata su. Naɗe."

Daga waya sai kawiya, ƙarfen nan da ake narka dalma da shi a yi liƙi. Tamu ba ta lantarki ba ce, don wutar Gadarif a lokacin baƙuwa ce, ta leƙo ta koma. A garwashin mai jabana, matar nan mai sayar da gahawa da ke ƙofar shago, muke gasa ta, tana dafa kofinta muna cusa ƙarfenmu, kullum sai an yi cacar baki. Sauran kayan ba su da yawa: filaya, sukundireba biyu, da wata mita mai allura da sai an ɗan mare ta take motsi. Lasifika in takardarta ta yage ba a yar da ita, ƙaro ake jiƙawa a liƙe da takardar sigari, ta kwana ta bushe, ta ƙara shekara. Amma babban kayan aikin ba ya cikin akwati. Usta yakan juya ni in fuskanci bango, ya kunna rediyon da aka kawo gyara, ya ce in faɗi ciwonta. In na ce bari in duba, sai in ji ranƙwashi. "Hannu kowa yana da shi," in ji shi. "Kunne ake zuwa nema wurinka."

Wani biki da na haɗa wa sauti a tsakiyar damina ba zan manta da shi ba. Kun san lakar garin nan, baƙa mai ƙwace takalmi. Keken jakin da ya ɗauko lasifikoki ya kafe, muka sauke muka ɗora a ka, na isa gidan kamar an tono ni. Ina gama haɗawa uban amarya ya zo ya tsaya a kaina. Ba ruwansa da daɗin sauti. Ya nuna min wata unguwa can bayan kwari ya ce akwai wanda ya yi bikin 'yarsa bara bai gayyace shi ba, so yake kiɗan nan ya shiga har ɗakin mutumin. Na ce, "Alhaji, in na ƙure, lasifika za ta ƙone." Ya ce ta ƙone. Sai na ɗauki guda na juya bakinta wajen unguwar, na bar sauran yadda ya kamata, ya tafi yana shi min albarka. Haka masu biki suke. Mawaƙa kuwa ciwonsu amsa-kuwwa, kowa so yake muryarsa ta yi ta maimaita kanta kamar yana waƙa a cikin rijiya.

Yanzu ku matso ku dubi mikisar, amma da ido. Kowane mai kiɗa yana da layinsa: wannan na murya, wannan na ganga, wannan na jita. Kowane layi kuma ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana kai sauti ga manyan lasifikokin da ke fuskantar jama'a. Ɗayar tana kai shi ga wata 'yar ƙaramar lasifika da ake ajiyewa a gaban ƙafar mai kiɗa don ya ji kansa, saboda wanda ke tsaye a bayan manyan ba ya jin abin da ke fita daga bakinsu. Ina iya buɗe wannan in rufe waccan, ba wanda zai sani sai ni. Ku riƙe wannan.

Mu huɗu ne muka tashi a unguwa ɗaya: ni, da Sale, da Babikir, da Tijjani. Kakanninmu duka hanyar Makka ce ta ajiye su a nan, suka ga ƙasar noma suka zauna. Allo ɗaya muka wanke, bulala ɗaya muka sha. Da muka girma kowa ya kama kiɗa, ban da ni da na tsaya a waya. Sale jita yake kaɗawa, kuma wallahi ban ga yatsu irin nasa ba, in yana gudu a kan tsirkiya ido ba ya bin su. Babikir mai ganguna ne, ƙato, in ya zauna a bayansu sai na sa duwatsu na tokare su don kada su gudu. Tijjani murya gare shi, yana kuma riƙe bes, jitar nan mai kauri. Kowannensu da ƙungiyarsa, kowa shi ne shugaba, kowa da magoya bayansa. Samarin Sale da na Tijjani har dambe suke yi a kan wa ya fi. Su kuwa gwanayen, kowace safiya suna shagona suna cin ful, dafaffen waken nan, a kwano ɗaya, suna zagin kiɗan juna. Ni nake haɗa wa dukansu sauti. In aka ce me ya hana su haɗu, Babikir yakan ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle uku.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka kafa doka cewa kowace hafla, wato taron kiɗan biki, sai da takardar izini, kuma ƙarfe sha ɗaya na bugawa a kashe komai. Mu kuwa a da, sha ɗaya ne lokacin da makaɗa ke gama shan shayi. Masu biki suka ga ba dalilin ɗauko mutum takwas don awa biyu. Ana cikin haka ogan ta shigo gari, akwatin nan mai maɓallai da mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da bes da algaita duk a ciki. Damina kuma ta yi gardama, dawa ba ta yi ba, aka ɗaga bukukuwa da yawa. Kafin shekara ta zagayo ƙungiyoyin nan uku sun watse, wasu sun tafi Hartum, wasu sun haye teku neman aiki.

Ni masallatai ne suka ciyar da ni, don lasifikar masallaci ba ta hutu kuma ba ta rasa ciwo. Akwai ladanin da ya ja ni gefe ya ce in ɗan sa masa amsa-kuwwa, na ce ashe ciwon bai bar kowa ba. Babikir ya zama kwandasta a motar da ke zuwa garin Shuwak, yana kiɗa a jikin mota da tafin hannu in za a tashi. Tijjani ya kasa albasa a kasuwa, ya ari wata tsohuwar lasifikata yana talla, mata suna saye don muryar ba don albasar ba. Sale kuwa ya bi masu aikin kaka zuwa manyan gonakin dawa na wajen Fau. A can bel ɗin injin sussuka ya kama masa hannun hagu, ya tafi da manuniya da ta tsakiya. Hannun hagu shi ne mai danna tsirkiya.

Da ya warke ya zo shago sau ɗaya, hannun a cikin aljihu. Ya ajiye jitar a kan tebur ya ce, "Haruna, ka sayar, ko ka hura wuta da ita." Bai zauna cin ful ba. Na rataye ta a bango. Wata da watanni ba ya fita sai masallaci, in ya hango ɗayanmu ya sake hanya. Abin ya dame mu ƙwarai, don Sale ne mai ba mu dariya tun muna yara.

Wata ranar Talata ina share ƙura, na sauko da jitar na jona ta don in ji ko tana da rai. Sukundireba na hannuna, sai ƙarfenta ya goga a kan tsirkiya ya zame. Jitar ta yi wani irin kuka mai ja, daga ƙasa zuwa sama. Na sake gogawa, ta sake. Na zauna. Kiɗanmu na ƙasar nan muryoyi biyar ne yake yawo a kansu, ba shi da yawan lanƙwasa. Na sassauta wasu tsirkiyoyin na ɗaure wasu, har ya zama ko ba a danna komai ba, in aka kaɗa su tare suna faɗin magana ɗaya. Daga nan na je wurin wani makanike na yanko guntun bututun tagulla daidai tsawon yatsa, na goge bakinsa da fayil har ya yi santsi. In mutum ya zura shi a yatsan zobe, yana iya zamewa a kan tsirkiya ya sami duk muryar da yake so, ba sai ya danna ba.

Na kai wa Sale har gida. Ya dubi bututun ya dube ni ya ce, "Ni ka mayar mai gyaran famfo?" Ya rufe ƙofa.

Tijjani ne ya san maganinsa. Washegari da la'asar muka kwaso ragowar kayan da kowa ya tsira da su, ganga biyu na Babikir, bes ɗin Tijjani, amfilifaya ɗaya tawa da batirin mota, muka baje a rumfar ƙofar gidan Sale. Tijjani ya ajiye bes ya ɗauki jitar, ya zura bututu, ya kama wata waƙa da Sale ya yi tun yana saurayi, wadda yake ji da ita kamar ɗansa na fari. Ya shiga yi mata kisan gilla da gangan. Kai, ko akuya ta ji sai ta bar unguwar. Babikir yana binsa da ganga, fuska a murtuke kamar abin kirki ake yi. Ba a yi minti biyar ba ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

"Wane marar tsoron Allah ne wannan?" in ji Sale. "Tijjani, me waƙar nan ta yi maka?"

"Mai ita ya yar, na tsinta," in ji Tijjani, bai ko ɗaga kai ba.

"Ba ni nan! Ba ni, kafin maƙwabta su ce ni ne."

Ya fizge jitar, ya fizge bututun. Yadda ƙungiyar ta fara ke nan, ba taro, ba shawara. Mutanen unguwa da suka ga kowa da guntun kayansa suka ce ragowar ƙungiyoyi uku ce ta haɗu, sunan ya bi su.

Muka riƙa haɗuwa a bayan shagona tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke barci. Rigimar farko wa zai ƙirga a fara. Shugabanni uku, kowa ya saba shi ke cewa ɗaya, biyu, sai ka ji an shiga waƙa ta ƙofa uku. Da ƙyar aka bar wa Babikir, don ya fi kowa ƙarfi. Ba su da uban gida, ba mai ce musu ga abin da za su rera, sai suka shiga yin nasu, rabi Hausa rabi Larabci yadda muke magana a gida: waƙar lorin da ya kwana uku a laka, waƙar masu yankan riɗi. Abu ya yi kyau, sai wuri ɗaya. Bututun bai saba da hannun Sale ba tukuna. Yakan wuce muryar da yake nema ko ya tsaya kafin ya kai, jitar ta yi ta kuka kamar kyanwar da aka taka wa jela. Ba wanda ya gaya masa, don mutumin ya fara dariya kuma.

Da aka kira mu bikin farko, Tijjani da Babikir suka zo min da sassafe, suna ta kewaye-kewaye. Babikir ya ce, "Usta, ka san samarin garin nan. In suka yi masa ihu sau ɗaya, ya koma ɗaki ke nan har abada." Ba zan ɗora musu ba, ni na kawo dabarar. Na ce zan buɗe layin Sale a 'yar ƙaramar lasifikar gaban ƙafarsa, in rufe shi a manyan. Zai ji kansa raɗau, jama'a kuwa ganga da bes da murya kawai za su ji. In hannunsa ya faɗa, sai in buɗe. Muka tafa a kan haka, muna ganin mun yi abin kirki.

Dabara ta ci. Aka yi rawa, aka yi guɗa, Sale ya sauko yana walƙiya, yana cewa, "Kun ga yadda suka tashi da na shiga?" Muka ce mun gani. Biki na biyu haka, na uku haka. Ga inda na ci amanar sana'ata: akwai abin sawa a kunne da nake iya sauraren kowane layi shi kaɗai, amma tun daga bikin farko ban ƙara ɗora shi a kan layin Sale ba. Na riga na yanke masa hukunci, na rufe, na manta. A biki na uku kuma na jona rakoda a bakin da ke zuwa manyan lasifikoki na ɗauki kaset, don direbobi suna ta tambaya. Na ba mutum biyu, su kuma suka yi ta kwafa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata dattijuwa, Hajja Kaltume, ta aiko daga wani ƙauye gaba da garin Doka, tana aurar da jikanta, ta ce 'yan Ragowa take so, daga la'asar zuwa magariba don ba su da wuta sai janareta na aro. Muka sami lorin da zai kai mu Doka. Babikir da Tijjani suka hau baya da kaya, ni da Sale muka shiga gaba. Mun ɗan yi nisa sai direban ya ce, "Yau ga ni ga masu abin! Ku ji abin da nake ji kullum." Ya tura kaset. Tun daga bugun farko na gane nawa ne.

Waƙar lori ce. A tsakiyarta akwai wurin da Tijjani ke yin shiru a bar wa jita fili ta yi magana ita kaɗai. Sale ya gyara zama, yana murmushi, yana jira. Wurin ya zo. Ganga tana tafiya, bes yana tafiya, sama da su babu komai, fili fetal har kusan minti guda.

"Nan ne kawai ban gane ba," in ji direban. "Me ya sa kuke yin shiru a nan? Ko hutawa kuke yi?"

Sale ya ce ya mayar baya. Ya mayar, aka sake ji. Bai dube ni ba har Doka. Ni kuwa na ƙirga kowane rami da ke hanyar.

Muna tsayawa a tasha ya sauka, ya zaro jitarsa daga cikin kaya, ya nufi wurin motocin da ke komawa Gadarif. Na yi wa su Tijjani bayani a tsaye, muka bi shi a guje. Muka same shi a kan benci wurin wata mai shayi, motar ba ta cika ba tukuna.

"Biki nawa?" ya tambaya.

Na ce, "Uku."

"Biki uku ina tsaye gaban jama'a ina lilo da kai, ina rufe ido, ashe ni da ƙafata muke ji." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Injin can yatsu biyu ya ɗauka, kuma bai yi min ƙarya ba. Ku kun yi min sallar gawa ina tsaye."

Babikir, ƙaton nan, ya durƙusa a ƙasa. "Ya zol, wallahi tsoro muka ji kada a yi maka dariya."

"A yi mana! Ni ba a taɓa yi min dariya ba? Ranar da na fara kiɗa a garin nan da ɓawon kankana aka jefe ni, kai ma kana cikin masu jifan." Sai ya juyo kaina. "Kai kuma, Usta mai kunne. Yaushe rabonka da ka saurari layina?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Tun bikin farko."

"To da me ka san har yanzu ina ɓatawa?"

Kwandasta ya fara kiran saura mutum ɗaya, Gadarif, saura mutum ɗaya. Sale ya miƙe da jitarsa. Na san in ya shiga motar nan shi ke nan, ba Ragowa, ba ful da safe, kuma ba wata waƙar da Tijjani zai kashe ta sake fito da shi. Mai shayin ce ta yi magana, tana zuba ruwa ba ta ko dube mu ba. Ta ce, "In ku ne makaɗan Hajja Kaltume, tun jiya ta yanka sa. Wanda ya fasa, shi zai je ya gaya mata da bakinsa, ni dai ba ruwana."

Sale ya tsaya. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ce, "Sharaɗi ɗaya. 'Yar ƙaramar lasifikar nan, kada in gan ta a gabana. Ka matso da ni gefen manyan, abin da mutane suka ji shi zan ji. In na ɓata, su su gaya min, ba ku ba."

Muka isa ƙauyen a bayan tarakta. An share fili gaban gidan, an jera gadaje da tabarmi, mata a gefe ɗaya maza a gefe ɗaya, Hajja Kaltume a kan kujera a gaba da sandarta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Na haɗa kaya a rikice, har na jona waya ɗaya a baibai, abin da ban yi ba tun ina gaban Usta Jibrin. Babikir ya ƙirga. Na kama maɓallin layin Sale na tura shi sama, na ce Allah ga bawanka.

Jama'a, ashe mutumin nan ya daɗe da wuce inda muka bar shi. Biki uku da duk dararen da ke tsakaninsu yana ta gyara hannunsa a ɗakinsa, mu muna can muna jin tausayinsa. Jitar ta fito tana ja, tana lanƙwasa, tana bin muryar Tijjani kamar mace tana amsa waƙar daka. Ba irin gudun yatsun da ba ne, wani abu ne dabam da ba a taɓa ji a ƙasar nan ba. Tijjani ya juyo ya dube shi har ya manta baitinsa. Mata suka saki guɗa. Maza suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a saman kansa, yadda ake yi wa wanda ya burge. Na ji daɗi, na kuma ji haushin kaina, duka a lokaci guda.

A waƙa ta uku ne ya zame. Wata tsohuwar waƙarsa ce da kowa ya sani, ya kai wurin hawa, bututun ya wuce muryar da nisa, jitar ta yi wata ƙara mai tsinka kunne, kuma ta manyan lasifikoki, har karnukan ƙauyen suka amsa. Hannuna ya kai kan maɓalli da kansa. Na janye shi na zauna a kai.

Hajja Kaltume ta buga sandarta a ƙasa. "Kai, Sale! Ba haka take ba! Da waƙar nan aka kai 'yata ɗaki, na san ta sarai. Koma ka ɗauko ta daidai, ɗan nan, ba a yi min ha'inci a bikin jikana!"

Fili ya fashe da dariya. Babikir ya tsaya da sanda a sama, Tijjani ya dube ni, ni na dubi Sale. Sale ya sunkuya, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya ɗago, dariya yake yi har da hawaye. Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku, bututu yana ƙyalli, ya nuno tsohuwar, ya ƙwala min kira ta saman kan jama'a.

"Haruna! Ka ji? Ta ji ni!"

Sannan ya ce, "To, Hajja, ga ta nan," ya koma ya ɗauko waƙar daga farko.